Inna Tani Ba Ta Cin Abinci Ita Kaɗai

Ranar Litinin ce ranata a gidan Abdulghani da ke unguwar Aziziyya. Da hantsi nake zuwa, da mataji da tsinken tsifa da man kitso a jaka. In danna ƙararrawa, matarsa Sharifa ta buɗe, ta miƙo mini mabuɗi tun ban gama sallama ba, ta ce, "Tana sama." Saman nan kuwa ba wani ɗakin bene ba ne. Rufin gidan ne, sutuh, wurin tankunan ruwa da igiyoyin shanya. A kusurwa akwai wani ɗan ɗaki da aka gina don ajiye tarkace, an liƙa masa tsohon mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, mai ƙara kamar injin niƙa. A nan aka ajiye uwar mai gidan.

Ni Sajida, kitso nake yi gida-gida a Jidda. Inna Tani, uwar Abdulghani, maƙwabciyata ce a Karantina kafin a rushe unguwar, kuma duk wanda ya zauna a layinmu ya san halinta guda ɗaya: ba ta cin abinci ita kaɗai. In ta sauke tukunya ta juye a babban tire, ta buɗe ƙofa ta jira. In ba wanda ya shigo, sai ta fito ta tsaya a bakin layi ta tare duk mai wucewa, ko mai tallan kankana ne, ta ce, "Zo ka sa mini hannu, maƙogwarona ba ya buɗewa in ba mutum." Mun sha yi mata tsiya a kan haka. Ita kuwa ta rantse tun da ta yi wayo ba ta taɓa kai loma baki ba tare da wani hannu a cikin kwanon ba.

Da aka yi rusau, ɗanta ya ɗauke ta zuwa gidansa, hankalinta ya fara kwancewa. Takan sulale ta fita neman ƙofarta, a tsince ta tsaye a fili tana kiran sunayen maƙwabta. Larabcin da ta yi rayuwa tana yi ya zube mata, sai Hausa tsantsa. Aka kwantar da ita a sashen tsofaffi masu taɓin hankali na wani asibiti. Ina nan ranar da aka sallame ta, da kunnena na ji likita yana cewa Abdulghani, "Gadon asibiti ba zai ƙara mata komai ba. Ku kai ta gida cikin mutanenta. Ta zauna inda kuke zaune, ta ci inda kuke ci, ta ji muryoyin da ta sani. Wannan shi ne rabin maganin, ƙwayar nan ɗaya rabin ce. Duk Talata nas za ta zo ta duba ta."

Abdulghani ya dafa ƙirji ya ce, "A kan kaina da idona, ya daktor." Ban ga laifin likita ba har yau. Gaskiya ya faɗa. Abin da bai sani ba shi ne gida ma yana da nasa kurkukun.

A makon farko tana cikin gidan sosai. Sai ƙawayen Sharifa suka zo shan shayi, Inna ta fito ɗankwali a hannu ta zauna a tsakiyarsu, ta jawo farantin kek tana ce musu da Hausa su sa hannu. Washegari aka hau da katifarta sama. Ni kuma aka kira ni aka ce in riƙa zuwa duk Litinin ina yi mata wanka da kitso, don nas ta zo Talata ta tarar da ita tsaf. Na gane manufar tun a ranar, amma ita ce kaɗai ƙofar da zan riƙa ganin Inna, sai na karɓa.

Litinin ɗin da na fara lura da halin da take ciki, ina buɗe ƙofa wani tsami ya buge ni. Farantai a jere a bayan ƙofa, kowanne ta rufe shi da wani abu, wannan da ɗankwali, wancan da rigar matashin kai. Shinkafa ta bushe, miya ta yi kumfa. Inna na zaune a bakin katifa tana fuskantar ƙofa.

"Sajida, kin zo? To ina sauran? Ina Maman Usuman? Na ajiye musu, tun jiya nake jira."

"Inna, ke kin ci?"

Ta kalle ni kamar na yi saɓo. "In ci da wa?"

Na sauka na karɓo abincin ranar, na wanke hannu na wanke mata, na zauna a ƙasa na jawo farantin tsakaninmu na yi bisimilla. Wallahi ko lallashi ban yi ba. Tana ganin hannuna a ciki ta sa nata. Ta ci, ta turo mini tsokar nama gabana kamar yadda ta saba, ta ce na rame. Muka share farantin nan tas, har ta lashe yatsu ta ce gishiri bai ji ba.

Na sauko da murnata kamar na tsinci wani abu. Na tarar da Sharifa a kicin na ce, "Maman Bandar, ashe ba ƙin abinci take yi ba. Mutum take jira. In wani ya zauna ya sa hannu tare da ita, shi ke nan, za ta ci."

Sharifa ta yatsine fuska. "Ya Sajida, kin ga yadda take ci kuwa? Da hannu, miya har gwiwar hannu, ta tsame nama daga bakinta ta miƙo miki. Ni zuciyata tashi take yi."

"To yaran fa? Bandar ko Shahad?"

"Bandar yana jami'a. Shahad ba ta jin rabin abin da take faɗa. Kowa ma a ɗakinsa yake ci, mu ba ma zaman tire a gidan nan."

"To a sauko da ita, ta zauna ko a ƙofar kicin ɗin nan ne, ta gan ki kina kaiwa baki."

"Ta sauko ta sake ɓacewa a ce ni ce? Halas, ya Sajida. Abinci ana kai mata sau uku, mukayyif yana aiki. Me kuma ake so in yi?"

Na tari Abdulghani da yamma yana fitowa daga mota. Ya saurare ni yana danna waya. Ya ce in sha Allahu ranar Juma'a zai hau ya ci da ita. Juma'a ta zo aka gayyace shi walima. Wadda ta biyo baya ya ce ciwon suga gare shi, abincinsa daban ne. Na ce to a bar ni in riƙa zuwa kullum da azahar, ba na son komai, in ci da ita in tafi. Ya ce maƙwabta za su fara tambayar wace ce wannan mai hawa rufi kullum, da abin da ke rufin. Na ce a bar Maman Usuman da sauran matan layinmu su riƙa zuwa, ai suna tambayar ta. Ya ce, "La, la. Su zo su gan ta a haka su yaɗa a gari? Ni nake suturta uwata, ya Sajida. Ke ba ki san ciwon ba."

Sutura! Kai jama'a, kalmar nan ta sha wahala a bakin mutumin nan. Da ita ya kulle ƙofa, da ita ya kori baƙi, da ita yake gaya wa matan Karantina a waya cewa likita ya hana a gan ta.

Haka aka yi ta tafiya. Inna ta koma cin abinci ranar Litinin da ni, ranar Talata kuma ta ɗan taɓa a gaban nas. Sauran kwanakin ruwa da shayi da abin da yunwa ta tilasta mata ta tsakura. Ni da nake riƙe kanta a cinyata na san yadda take ƙarewa. Kitson da nake ja da ƙarfi sai na koma lallaɓawa, don gashin yana biyo mataji. Awarwaron da ke hannunta ya fara zamewa har ya faɗo da kansa. Duk zuwan da zan yi, farantai na jere a rufe, tambayar kuma ɗaya ce: "Ina sauran?"

Wata Talata da safe Sharifa ta kira ni a firgice, wai Inna ta tsefe kitson jiya, in zo maza kafin nas ta iso. A ranar na ga yadda ake yi. An sauko da ita an zaunar a majalisin baƙi a kan kujera mai laushi, an sa mata sabuwar jallabiya, an turara ɗakin. An jera dabino da gahawa da alkaki. Shahad ta ajiye waya ta zauna kusa da kakarta ta riƙe mata hannu. Ina gama kitso ƙararrawa ta buga, ban samu fita ba, sai na raɓe a bakin ƙofa da jakata.

Nas ɗin sunanta Abir, yarinya mai natsuwa, ba ta jin Hausa ko ɗaya. Ta gaida Inna, ta auna jininta, ta ɗauki dabino ta kai baki. Inna na ganin haka ta miƙa hannu ita ma ta ɗauka, ta ci, ta ƙara, ta jawo alkaki.

Abdulghani ya ce da Larabci, "Kin gani? Masha Allah, tana ci."

Abir ta ɗora ta a kan sikeli, ta duba, ta ɓata rai. "Amma nauyinta raguwa yake yi. Tambaye ta, yaya take ji a gida?"

Ya juya ya ce, "Ummi, wai yaya kike?"

Inna ta kama hannun nas ɗin ta ce, "'Yar nan, ki ce su buɗe mini ƙofa. Ina dafawa ba mai zuwa. Ni kaɗai ce a sama, ni da tankin ruwa. Ki zo ki riƙa sa mini hannu."

Abdulghani ya yi murmushi ya ce wa Abir, "Ta ce alhamdu lillahi, tana cikin 'ya'yanta da jikokinta, kuma tana gayyatarki cin abinci."

Larabcina na kasuwa ne, amma ya ishe ni. Na ce, "Ya ukhti, ba haka ta ce ba. A rufi take kwana, a kulle. Ba ta ci sai da mutum, kuma ba mai ci da ita. Hau ki gani."

Sharifa ce ta fara dariya, ta ce ai wannan mai kitso ce, ta ga Inna tana shan iska a sama da yamma shi ne ta ɗauka can take kwana. Abir ba sakarya ba ce. Ta ce a nuna mata inda Inna take kwana. Suka kai ta ɗakin Shahad, ashe tun farko an tanadi wannan, ga carbin Inna a kan gado, ga magungunanta a kan durowa. Ta ce tana son ganin rufin ma. Abdulghani ya ce mabuɗin yana hannun mai gadin gini, ya tafi masallaci. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce mako mai zuwa za ta zo da abokiyar aikinta mai jin Hausa, in kuma nauyin ya sake raguwa dole a mayar da Inna asibiti.

Na ji sanyi a raina, na ce to Allah Ya kawo ƙarshen abin. A kan matakala Abdulghani ya cim mini. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Ya Sajida, iƙamarki tana ina?"

Ba ni da takardar zaman ƙasar. Ya san da bizar Umra na shigo, uwarsa ce ta ba ni tabarma a lokacin.

"Kina so a ce uwar Abdulghani tana asibitin mahaukata, ina da 'ya mace a gida da mutane ke nema? Waya ɗaya zan buga ki kwana a kurkukun tarhil, a juya ki Kano da kayan jikinki. Don darajar Ummi na ƙyale ki yau. Kar in sake ganin ƙafarki a ginin nan. Yalla."

Talata ta zagayo, na je na laɓe a inuwar wani shago da ke kallon ginin, ina jiran motar nas. Har aka kira azahar ba ta zo ba. Daga baya na ji cewa ya je ya ce iyali sun gode, za su ci gaba da kula da ita da kansu, sun samo likitan kuɗi. An ce Abir ta yi ta kira, yana ce mata sun tafi da Inna Madina hutawa. Na je wurin Maman Usuman a abin da ya rage na unguwar Nuzla na gaya mata Inna ba ta da lafiya, a je a gan ta. Ban iya faɗa mata duka ba, tsoron tarhil ya riƙe mini harshe, kuma ita ma jikokinta ba su da takarda. Ta je da wasu mata biyu, Sharifa ta tare su a ƙofa da fara'a ta ce barci take, likita ya ce kar a tashe ta.

Duk ranar da na zauna cin abinci sai in tuna farantan nan a bayan ƙofa. Na tsani Litinin.

Sanyi ya fara shigowa lokacin da Sharifa ta sake kirana. Muryarta ba isa a ciki wannan karon. Ta ce Inna ta daina ko shayi, sun gwada cokali ta datse haƙora, in zo ko za ta ci a hannuna. Ta ce mijinta, Abu Bandar, ya yafe mini. Ya yafe mini! Na ɗauki mayafi na tafi.

Ba farantai a bayan ƙofa, an kwashe an goge. Inna na kwance, ta koma kamar yarinya ƙarama a cikin jallabiya. Kitson da na yi mata ranar nan shi ne a kanta har yanzu, ya cukurkuɗe. Na tayar da ita na jingina ta da bango. Na zuba tuwo mai laushi da miyar kuka da na taho da su, na wanke hannunmu, na sa nawa a ciki na yi bisimilla da ƙarfi don ta ji.

Ta daɗe tana kallon hannuna. Sannan ta sa nata a hankali, ta gutsuro, ta mulmula, ta tsoma a miya. Na ce alhamdu lillahi a raina. Ta kai baki, ta yi ta juyawa, ya ƙi wucewa, ya dawo ta gefen baki. Ta sake gutsuro wani, wannan karon ta miƙo mini.

"Ci, baƙuwa. Daga wace unguwa?"

"Inna, ni ce Sajida."

"Sun zo?"

"Suna hanya, Inna."

"To a rufe musu, kar ya huce."

Na sauko na ce wa Sharifa ko a kira motar asibiti yanzu ko in tsaya a titi in yi ta ihu har a zo a kama ni. A ranar aka kira. Ba ta yi mako a asibitin ba, ta cika.

Zaman makoki kuwa, ba a taɓa ganin irinsa ba. Abdulghani ya sa an tare layi da kujeru da fitilu, maza sun cika titi, yana tsaye a sahun gaba ana rungumarsa, idonsa jawur. Mata suka cika gidan har ba wurin taka ƙafa, sai aka buɗe ƙofar sama aka shimfiɗa dardumai a rufi. Matan Karantina duk sun zo, waɗanda rusau ya watsa ko'ina, wasu har daga Makka. Hausa ta cika sutuh ɗin nan, ana kuka ana tuna Inna da tirenta, har da dariya. Ɗan ɗakin kusurwa an yi masa fenti, an zuba butocin gahawa da kwalayen ruwa a ciki. Sharifa na zagayawa tana share ido tana cewa, "Ciwon ne ya hana ta ci. Ba abin da ba mu dafa mata ba, Allah ne shaida."

Bayan Isha'i aka hauro da abinci, manyan tire-tire na shinkafa da waken hummus da nama, irin wadda ake yi a makoki a garin nan. Mata suka kewaye kowane tire, gwiwa na gugar gwiwa, hannuwa na shiga suna fita, wannan ta tura wa waccan nama. Maganin da likita ya faɗa ke nan, ga shi an kawo shi cikakke har ƙofar ɗakinta. Da an raba mutanen nan ɗaya-ɗaya a kan ranakun da ta yi a rufe, da har yanzu ba a zo kan na ƙarshe ba. Ba kuɗi ta nema ba, ba asibitin waje ba. Hannu ɗaya a cikin faranti, shi gidan nan mai mutum huɗu ya kasa ba ta.

Na kasa zama a cikinsu. Na ɗebi shinkafa a ƙaramin faranti na shiga ɗakin na turo ƙofa, na zauna a ƙasa daidai inda katifarta take, ina fuskantar ƙofa. Ina so in ji abin da ta ji. Na mulmula loma na kai baki, na yi ta juyawa, wallahi ta ƙi wucewa.

Sai aka turo ƙofar. Maman Usuman ce, hannunta duk maiƙo, tana nemana.

"Haba Sajida! Me kike yi a nan? Taso ki sa hannu cikin mutane. Wa ya taɓa cin abinci shi kaɗai a gidan Inna Tani?"

Matan da ke kusa suka juyo, har da Sharifa da buta a hannu. Na ajiye farantin na miƙe, na buɗe ƙofar gaba ɗaya don kowa ya ga cikin ɗakin.

Na ce, "Ba wanda ya taɓa, Mama. A nan suka kulle ta, kuma ita ma ba ta ci ba."